Kan Foman Ya Ƙi Shiga Hula

Foman ya fi shekara ashirin yana kula da leburori a wurin gini, kuma hular kwanonsa fara ce, kowa ya san ta. Wata safiya ya ɗora ta a ka, ta tsaya can sama ta ƙi sauka. Ya sassauta maɗaurinta har ƙarshe, ya danna da tafin hannu, ta ƙi.

Sai ya tara ma'aikata ya ce wanda ya musanya masa hula ya fito da ita tun yana cikin mutuncinsa. Wani birkila ya karɓi hular ya juya ta, ya nuna masa tabon da bulo ya yi mata bara.

"Taka ce, Foman."

"Tawa ce ta ƙi shiga kaina?"

A gida ma hulunansa na fita sun fara matse shi, har su bar masa zane a goshi. Nan laifin ya koma kan matarsa.

"Maman yara, da tafasasshen ruwa kike wanke min huluna ne?"

"Ni da ban taɓa wanke maka hula ba, Maigida? Kai kake kai wa mai wanki."

"Me kika ce?"

Ta maimaita da ƙarfi. Dama kwanan nan sai an faɗa masa magana sau biyu, shi kuwa ya dage cewa mutanen gidan ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa don su yi gulmarsa. Ƙafarsa ta dama ma tana masa ciwo a ƙwauri, amma ya ce ai hawa tsani ne.

Babbar 'yarsu ce ta ɗauko tef ɗin awo daga kan kekenta na ɗinki, ta zagaya masa kai tana dariya. Da ta duba awon sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Baba, gobe asibiti za mu." Ya yi gardama har aka ci abinci aka wanke kwanuka, ba wanda ya tanka masa. Da safe ya riga kowa shiryawa.

Likitar ba ta yi dariya ba da ta ji zancen hula. Ta tambayi yadda yake ji da kunne, ta sa ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sannan ta ɗora bayan hannunta a ƙwaurinsa na dama, ta ɗora a na hagu. Ta ce na dama ya fi ɗumi, ya kuma ɗan lanƙwashe. Ta tura shi a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙoƙon kai da na ƙafa.

A ɗakin hoto aka ce ya cire duk wani ƙarfe. Ya fito da makullai, ƙusoshi, guntun waya da ƙaramin sukudireba, har mai ɗaukar hoton ta ba shi tire. Da aka ce kada ya motsa, ya sandare har ya manta da numfashi, sai da aka tuna masa.

Ranar karɓar sakamako bai yi wa kowa faɗa ba, abin da ya fi tayar wa matarsa hankali ke nan. A benci ya raɗa mata cewa idan kansa ce, wato ciwon daji, kada a ɓoye masa.

Likita ta ɗaga hoton a gaban fitila. Ƙoƙon kan ya yi kauri, da fararen dabbare kamar an watsa auduga.

"Ba kansa ba ce, Baba," ta ce. "Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Naka yana rushewa da sauri, yana gini da gaggawa, sai ginin ya yi kauri amma ba ƙwari. Gwajin jinin ma abin da ya nuna ke nan. Kaurin ne ya taɓa maka ji."

Foman ya sauke ajiyar zuciya. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Wato aikin ha'inci ake yi min a ciki, ba mai duba su."

Matarsa ta gyara zama. "Likita, don Allah in tambaya. Kan nasa ya ƙara girma ke nan?"

"Ya ƙara."

"To, alhamdu lillahi. Shekara talatin ina faɗa masa yana da girman kai, yau ga shi a hoto."

Wannan kam sau ɗaya ya ji ta.

Aka ɗaura masa ruwan magani ta jijiya, aka haɗa shi da ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi. Ya yi zazzaɓin kwana biyu yana nishi kamar mai naƙuda, daga nan ciwon ƙafar ya fara lafawa. Da ya koma gwajin jini bayan 'yan watanni, likita ta ce an samu sauƙi sosai. Ta ƙara da cewa cutar takan bi dangi, in yana da 'yan'uwa masu shekaru su zo a duba su.

Tun a bakin ƙofar asibitin ya kira yayansa a waya.

"Yaya, likita na son ganinka."

"Ni me na yi mata?"

Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har da audugar. Yayan ya tambaya ko sai an soka wa mutum allura.

"Ƙarama ce, Yaya."

"To, ka zo ka raka ni. Amma kada ka faɗa wa yara na tambaya."