Kunnen Kafinta

Sau uku Maman Biyu ta faɗa wa mijinta ya biya ya sayo mata zare da allurar keke idan ya taso daga aiki. Ta faɗa yana shan shayi, ta faɗa yana ɗaure takalmi, ta sake bin sa da maganar har bakin ƙofa. Da yamma sai ga shi hannu rabbana, garin katako har cikin gira.

"Malam, ina zaren?"

"Wane zare?"

"Wanda na ce ka sayo min."

"Yaushe? Ni ba ki ce min komai ba."

Da a ce da faɗa ya yi maganar, da da sauƙi. Tsakaninsa da Allah ya faɗa, abin da ya faɗar mata da gaba ke nan. Ta koma gaban keken ɗinkinta ta zauna, ƙafa a kan feda, ta kasa takawa. Da haka Inna ta fara.

Inna mahaifiyarsa ce. Shekara shida ta yi a ɗakin da ke kusa da kicin tana fama da cutar mantuwa, kuma duk shidan a kan Maman Biyu suka ƙare. Ita ke yi mata wanka, ita ke ɓoye ashana da wuƙa, ita ke yawo da mukullin gida rataye a wuya. Inna ta kira ta ɓarauniya a gaban baƙi. Wata rana ta fice, aka tsinto ta a tashar mota tana tambayar hanyar gidan da aka rushe tun shekara talatin. Dangin miji kuwa sai ranar hutu su zo da ledar lemo, su ce sannu da ƙoƙari, su gudu kafin lokacin canza zanin gado ya yi. Shekara biyu ke nan da rasuwar Inna, amma har yau bayan Maman Biyu bai gama miƙewa ba.

Daga ranar zaren ta sa wa mijin ido. Kafinta kowa ke ce masa a unguwa, mutum mai surutu da tsokana, wanda a da ba ya shigowa gida sai ya tsaya a bencin mai gyaran rediyo an yi musun ƙwallo. Ta lura ya daina tsayawa. Yana dawowa sai ya ƙure sautin talabijin, ya kunna sigari, ya zauna har a kira shi cin abinci. In baƙi sun zo sai ya yi ta gyaɗa kai. Ranar da maƙwabcinsu ya zo yana ba da labarin an kwantar da matarsa a asibiti, Kafinta ya yi murmushi ya ce, "Madalla, madalla." Maman Biyu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta yi masa maganar asibiti sau biyu, ya ce lafiyarsa ƙalau. A na uku ta rufe keke, ta yafa mayafi, ta bi shi har shago.

Ta daɗe rabonta da wurin. Tun daga bakin titi take jin kururuwar injin zarto. A ciki ga katakai jingine har rufi, ga ƙofofi da ba a gama gogewa ba, ƙura tana yawo cikin hasken da ke shigowa ta hudar kwano. Yana tsaye da fensir a bayan kunne, yana tura katako cikin injin, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ta kira shi, ita kanta ba ta ji muryarta ba. Sai da ta zagaya ta tsaya a gabansa sannan ya kashe injin.

"Lafiya? Wani abu ya faru da 'yan biyu?"

"Lafiyarsu ƙalau. Kai na zo ɗauka."

"Ke, ina da aikin mutane."

Ta zauna a kan wani kututture, don ƙafafunta sun gaji. Ta yi niyyar lallashi, amma abin da ya fito daban.

"Malam, na yi jinyar Inna, ban taɓa yi maka gori ba, kuma ba gori nake yi yanzu ba. Amma wallahi ba zan iya sau biyu ba. Ƙarfina ya ƙare. In abin nan ne ya kama ka, gara in sani tun yanzu."

Bakinta yake kallo tana magana. Da ta gama, ya cire fensirin ya ajiye, ya kaɗe rigarsa, ya jawo ƙofar shago.

Awa uku suka yi a layin asibiti. Likitar wata siririya ce mai gilashi, ita ma daga gani a gajiye take. Tana rubutu, kanta a ƙasa, ta ce za ta faɗi kalmomi uku ya riƙe. Ta faɗa. Kafinta ya juya ya kalli matarsa. Maman Biyu ta runtse ido ta ce a ranta shi ke nan.

Likitar ta ajiye biro, ta jawo kujera ta zauna daf da shi, ta ɗaga murya.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Kafinta ne ni. Shekara talatin da huɗu."

"Da inji?"

"Da inji mana. Wa ke yankan hannu yanzu?"

Ta sake faɗin kalmomin, fuska da fuska. Ta sa shi ya zana agogo, ya zana shi tsaf har da tsinken sakan. Ta sa shi lissafi, ya riga ta kaiwa ga amsa, ya kuma ce mata ƙafar teburinta ɗaya ta fi sauran gajarta. Da ta tambayi kalmomin, ya kawo su a jere. Aka tura shi wani ɗaki aka sa masa abin ji a kunne, ya fito da takarda.

"Mama, ban ga mantuwa ba a yau," in ji likitar. "Kunne ne. Abin da bai shiga ba, ba yadda za a yi ya tuna shi."

Maman Biyu ta jira farin ciki ya zo, sai ta ji jikinta kawai ya mutu.

Likitar ba ta gama ba. Ta ce kunnen da aka bari ba gyara yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mantuwa, don mutum yakan janye daga mutane, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi. Ga jininsa ya hau, ga sigari. Ta lissafa: na'urar ji, toshe kunne in zai kunna inji, maganin hawan jini kullum, rage gishiri, tafiyar ƙafa ta rabin awa, isasshen barci, zama cikin mutane.

"In ya yi duk wannan, ba za ta kama shi ba?"

"Ba zan yi miki wannan alkawarin ba. Haɗarin dai zai ragu." Ta kalle ta ta saman gilashi. "Ke fa? Miƙo hannu."

Jinin Maman Biyu ya fi nasa hawa.

A haka sabon aiki ya sauka a gidan, kuma ba sai an faɗi kan wa ya sauka ba. Ita ke ajiye ƙwayar magani kusa da kofin shayi, ita ke tashin sa tafiya da sassafe, su zagaya filin makaranta yana mita tana jan ƙafa. Na'urar kuwa ya tsane ta.

"Ashe haka gidan nan yake da hayaniya?" in ji shi. "Cokali ƙara, famfo ƙara. Wannan keken naki ko injina bai kai shi ba."

"Shekara ashirin yana haka, Malam."

Sai ya cire na'urar ya jefa a aljihu tare da ƙusoshi. Ta tsince ta a kwandon wanki, ta tsince ta a kan tagar bayi. Ɗaya daga cikin 'yan biyun, wadda ke aure a wani gari, kullum sai ta bugo waya: Mama, ya sha magani? Mama, kin hana shi sigari? Kamar dai yadda dangi suka riƙa yi lokacin Inna.

A sati na shida ta daina. Ba faɗa aka yi ba. Ya zauna shan shayi, ta tura masa kwalin maganin gaba ɗaya.

"Ga shi nan. Kanka ne, ba nawa ba. Ka ji abin da likita ta ce da kunnenka, a ranar dai ka ji. Ni na gaji da zama agogon mutane."

Kwana huɗu bai sha ba, tana gani ta kame bakinta. A na biyar ta ga gurbi ɗaya babu ƙwaya. Tafiyar safe ta mutu murus, sigari kuma ya koma sha a bayan shago inda yake zaton ba ta sani ba. Amma ya sayo abin toshe kunne da kansa, wata yamma kuma ta hango shi a bencin mai gyaran rediyo, na'urar a kunne, yana rantsuwa cewa ƙwallon nan ba ta shiga raga ba. Rabi ya ɗauka ya bar rabi. Ba ta da ƙarfin bin sauran.

Ranar da za a sake auna jininta ya ce zai raka ta. Layin ya fi na wancan karon tsawo, fanka ɗaya ce ke aiki. Ta ba shi katinta ya riƙe, ta jingina kai da bango don ta ɗan huta ido. Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba.

Can ta ji ana taɓa kafaɗarta.

"Tashi, an kira lambarki. Arba'in da bakwai."

Ta buɗe ido da ƙyar, ta kalli ƙofar likita, ta ga kamar tana da nisa.

"Malam, minti biyar."

Ya miƙe ya je wajen nas ɗin. Ta ji shi yana magana da ƙarfi fiye da kima, yana cewa a bar na bayanta ya shiga, matarsa ta daɗe ba ta samu barci ba. Nas ɗin ta yi tsaki, ta kira arba'in da takwas. Maman Biyu ta gyara mayafi ta mayar da kanta bango.