Zuwan Baba Ciɗo

Ƙirji ne ya kai Mushe Attahir asibiti. Wata uku ke nan zuciyarsa na buga masa da ƙarfi, wani lokaci yana tsaye gaban allo a lakwal ɗin da yake koyarwa a Tawa, inda ake kiran malamin makaranta mushe, wani lokaci yana kan hanyar gida. Lokotoro ya auna jininsa, ya saurari ƙirjin, ya ce bai ga komai ba. Sai ya rubuta ƴar takarda, ya ce ya kai wa Madam Balki a ɗakin ƙarshe.

Madam Balki ƴar Damagaram ce da aka turo Tawa aiki. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Aikinta zama da masu damuwa ta saurare su. Da Attahir ya gane haka, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Madam, ni hwa ba taɓin hankali gare ni ba."

"Ban ce haka ba, Mushe. Zauna. Yaushe ƙirjin ya fi bugawa?"

Ya zauna don kunya. Ya daɗe yana tunani, amsar da ta zo masa kuma ta ba shi mamaki. Ya fi bugawa in ya shiga gida ya tarar matarsa Zuhura ta yi shiru.

Shekararsu goma sha ɗaya da aure, ƴaƴa uku. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ko murya ba ya ɗagawa. Amma in ta yi shiru sai ya hau ba ta haƙuri. In ta ce haƙurin mi, sai ya ɗauke mata wuta kwana uku, ya ci abinci ya fita. Sau biyu tana tafiya gidansu a Bambeye. Ta gaya wa uwarta ba dukanta yake ba, ita dai ba ta san da wa take zaune ba.

Kowace Alhamis ya riƙa komawa ɗakin, ko da yake in an tambaye shi me yake samu a can ba zai iya faɗi ba. A zama na huɗu ne maganar Takanamat, garin da ya tashi, ta fito. Yana da shekara biyar ubansa ya tafi Abijan bai dawo ba, uwarsa ta sake aure, aka bar shi hannun ƙanen uban, Baba Ciɗo. Can ya zauna har ya kai sha shida.

Ba a sanin ranar Baba Ciɗo. Wata rana awaki su shiga gonar mutane ya yi dariya. Wata rana a kan takalmi da aka ajiye a karkace ya ɗauko igiyar guga, ko ya ɗaure yaron a turke cikin rana har la'asar. Kafin ya fara kullum shiru yake yi. In ya gama kuma, da maraice ya sayo masa tsire, ya dafa kansa.

"Amma Madam, wa ba a duka ba? Kuma shi ya sa ni lakwal. Ba don shi ba da ban zama mushe ba."

"Shi ya sa ka lakwal, shi ya ɗaure ka a turke. Duka biyun sun faru."

"To wanne zan riƙe?"

"Ba sai ka zaɓa yau ba."

Ya fita ya fi yadda ya shigo ruɗewa. Shi amsa ya zo nema, ita kuwa aiki ta ba shi: in Zuhura ta yi shiru, kada ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta.

Sai da ya yi kwana tara kafin ya iya. Ya tarar da ita tana tsintar shinkafa, ta amsa sallama a taƙaice.

"Lahiya kika yi shiru?"

"Haƙori ke mini ciwo tun jiya, Malam."

Ya tsaya yana kallonta. Ya shirya wa laifi, bai shirya wa haƙori ba. Ya je ya sayo mata magani, amma har ya dawo wani ɓangare na zuciyarsa na ce masa ɓoye masa take yi.

A wata na biyar aka kira shi daga Takanamat. Yanar ido ta rufe wa Baba Ciɗo gani, za a kawo shi Tawa a yi masa aiki, kuma gidan Attahir zai sauka, kwana goma.

Wanda aka sauko da shi daga mota ɗan ƙaramin tsoho ne, yana lalube da sanda. Attahir ya ji kansa ya durƙusa, muryarsa ta ƙanƙance kamar ba tasa ba. Tsohon ya shafa fuskarsa, ya yi ta sa albarka. A gida ya yi wa yara addu'a, ya yaba tuwon Zuhura. Maƙwabta da suka zo gaisuwa ya ce musu, "Ɗana ne wanga. Ni na raine shi, bai taɓa ɓata mini rai ba."

Ranar Alhamis Attahir ya ce wa Madam Balki, "Ina jin ƙarya na yi miki. Ko ƙarawa na yi. Mutumen nan ko kaza ba ya iya kora."

"Tsohon da ke gidanka ba ya iya kora kaza. Wanda ya raine ka yana da shekara talatin da wani abu a lokacin. Kana tuna kalar igiyar?"

Yana tunawa. Baƙa ce, ta roba. Duk da haka bai san ko ya yarda da kansa ba.

Kwana uku bayan an yi aikin idon, da hantsi, ƴarsu Raƙiya mai shekara bakwai ta zo wucewa da gudu ta ture kwalbar maganin ɗigawa. Ya zube a tabarma. Baba Ciɗo yana cikin labari, sai ya katse. Ya miƙa hannu ya kama wuyan hannun yarinyar, bai ce komai ba.

Attahir yana bakin ɗaki yana gyaran takardun ɗalibai. Ya ji kamar ya ba da haƙuri, ya ji kamar ya fita daga gidan. Ya ja numfashi a hankali yadda Madam ta koya masa, sannan ya tashi.

"Baba, sake ta."

Tsohon ya juyo da fuskarsa mai bandeji. Ya saki hannun, ya yi ƴar dariya.

"Ji nike in san wace ce. Ka san ba ni gani."

Raƙiya ta ruga waje abinta. Attahir ya koma ya zauna. Wataƙila gaskiya tsohon ya faɗi. Wataƙila ba gaskiya ba ne. Ya juya abin har azahar bai samu matsaya ba.

Zuhura ta ga komai daga madafa. Da la'asar, tsohon na barci, ta same shi a zaure.

"Malam, mi ke tsakaninka da Baba?"

Ya gaya mata. Bai iya jerawa ba, ya fara da tsire, ya koma turke, ya ambaci Madam Balki da Alhamis ɗin da take zaton taron malamai yake zuwa. Ya yi zaton za ta yi kuka, ko ta tausaya masa. Fuskarta ɗaurewa ta yi.

"Shekara sha ɗaya ina neman laihina," ta ce. "Har wurin malami na tahi a Bambeye."

Bakinsa ya buɗe zai ce ta yi haƙuri. Wannan karon akwai dalili, amma ya kasa gane ko shi ne irin haƙurin da aka hana shi ko wani daban. Ya ce, "Ban san kin tahi ba."

"Abubuwa da yawa ba ka sani ba. Ni ma za ni wurin matar nan."

Ranar da aka cire bandeji ya raka Baba Ciɗo tasha. Tsohon ya ƙura masa sabon idonsa, ya ce, "Ashe ka yi hurhura." Ya ce lallai su zo masa da Sallah, da yaran duka. Attahir ya ce Allah ya kai mu.

Alhamis ta gaba Madam Balki ta aro kujera ta uku daga ɗakin awo. Zuhura ta yi magana kusan awa guda, shi yana saurare. Rabin abin da ta faɗa a gidansa ya faru, yana nan kuma, amma yau ya fara jin sa.

A hanyar gida ta tsaya sayen tumatir. Tana zaɓa ta tambaye shi ko za su Takanamat da Sallah.

"Ban sani ba," ya ce.

"In za mu, Raƙiya gidan Innata a Bambeye za ta zauna."

Ya ce zai yi tunani. Ta miƙa masa ledar, suka tsallaka titi.