Takalman Gudun Nafisa

"Tanti Hamsatu, don Allah ki ba ni takalmana. Ba gudu zan yi ba, ƙafata kawai zan gwada."

Ina tsinkar zogale a gindin katanga muryar ta sauko mini daga sama. Na ɗaga kai, sai ga goshin Nafisa da idanunta, ta kifa bokiti ta hau ta leƙo. Ranar Alhamis ce bayan azahar, cikin zafin Afrilu, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun jiya. Na ce ta sauka kafin ta faɗo, mace da cikin wata takwas tana ɗane-ɗane kamar akuya. Ta sake roƙo. Na ce takalman nan amana aka ba ni, in tana so ta tambayi Hajiya. Ta dube ni, sannan goshin ya ɓace. Na koma kan zogalena, har da jin daɗi wai ni mai riƙon amana.

Gara in faɗi yadda takalman suka zo hannuna, tunda bakina ne ya kawo su.

Shekara ashirin da biyu ina sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, da dambu a ƙofar gidana a unguwar Lazare, nan Yamai. Katanga ɗaya ta raba mu da Hajiya Zuwera, mutuniyar Maraɗi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gidan da ɗa guda, Sulaiman. Shofer ne na wata ƙungiya, rabin wata yana daji inda ko rezon waya babu. Nafisa matarsa ce, Bazabarma haifaffiyar Yamai, Hausarta ta kasuwa ce, tana maida mace namiji a magana mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Malamar sipor ce, tana koya wa yara motsa jiki a wani lakol, kuma tun tana ƴar shekara goma sha biyu take gudu. Kafin in gama hura wuta ta yi kilomita goma ta dawo, ta ce mini fofo, sannunsu ta Zabarmawa, tana share gumi.

Da ta samu ciki bayan shekara huɗu da aure, ba ta daina ba. Wata rana ta zo sayen kopto na tsokane ta, na ce jaririn nan da gudu zai fito. Ta zauna kan bencina ta yi mini bayani tiryan-tiryan. Ungozomarta, Madam Fa'iza, ita ma tana gudu a stad, babban filin wasa, ta ce jikin da ya saba ba a tsayar da shi rana ɗaya. Ta rage sauri yadda za ta iya magana tana gudu, ta fita kafin rana ta ɗaga, ta riƙe ruwa a hannu, in ta ga jini ko jiri ta tsaya nan take. Kowace Asabar kuma Madam ɗin tana auna mata tansiyo, wato hawan jini, a bakin fili kafin su fara. Har ta ce mata takalmin nan shi ne ma'auninta: ranar da ƙafa ta ƙi shiga, ga ciwon kai, kada ta jira ranar awo, ta taho.

Na ji duk wannan da kunnena. Amma wata safiya, cikin yana wata shida, na gan ta ta wuce gaban mai shayi, wando a ƙarƙashin hijabi, ciki a gaba, maza sun juyo da kofuna a hannu suna kallo. Kunya ta kama ni kamar ɗiyata ce. Ban ko ɗora tukunya ba na shiga wurin Hajiya da sunan gaisuwa, na zazzage mata komai, har da ƙari.

Ba zan ce Hajiya muguwa ce ba. Ƴaƴa huɗu ta binne kafin Sulaiman ya tsaya, jikan nan kuwa ta fi kowa jiransa. Ranar ta zaunar da ɗanta, shi kuma ya ce wa matarsa ta yi haƙuri, wata uku ne kawai. Da yamma Hajiya ta miƙo mini leda ta kan katanga, ta ce in ɓoye, don in suna gidan yarinyar za ta tono su. Na tura su ƙarƙashin gadona.

Da lakol suka ba ta hutun haihuwa, sai ya zama ba ta da dalilin fita. Wata Asabar ta sulale da silifa ta nufi stad a ƙafa don a auna ta, wata ta gan ta ta kawo labari, wannan karon ba ni ba ce. Daga ranar Hajiya ta sayo kwaɗo, duk sanda za ta fita sai ta datse ƙofar daga waje ta ɗaure makullin a bakin zane. Awo kuwa ita ke kai ta da kanta, wata-wata. Abin da ya fi ba ni dariya lokacin, kullum da safe sai ta sa ta dakan gero don haihuwa ta zo da sauƙi. Daka halal, gudu haram. Bayan dakan ta ɗura mata jiƙon maganin zaƙi mai ɗaci.

In Hajiya ta fita, sai in ji silifa fat, fat, fat a tsakar gidan. Taku goma sha tara daga ƙofar ɗaki zuwa randa, ita ta faɗa mini, ta juyo, ta koma. Wani lokaci awa guda tana yi. Ina kwaɗa zogale ina ji, raina ba daɗi, amma in ce wa kaina ai saura kaɗan.

Ranar Juma'a, washegarin roƙon takalmin, Hajiya ta tafi suna a Harobanda, can ƙetaren kogi. Ƙarfe tara na ji ƙarar kwaɗon. Na jira silifa, shiru. Wajen sha ɗaya saura na ji ana kiran sunana daga ƙasa, ba daga saman katanga ba. Na kifa turmi na hau.

Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango. Fuskar da na gani jiya rabi, yau na gan ta duka, ta cika ta yi sumul, idanun sun shige ciki. Na sauka, na jawo ledar daga ƙarƙashin gado na jefa mata. Ta ɗauki na hagu ta sassauta igiya ta tura ƙafa, yatsu kawai suka shiga. Ta zare igiyar gaba ɗaya, rami bayan rami, ta sake turawa, ta taka bayan takalmin har ya lanƙwashe. Ƙafar ta ƙi.

"Tanti, kaina kamar ana sara. Ina ganin ƙyalli-ƙyalli, kuma nan ƙarƙashin haƙarƙari yana ciwo. Ki kira Madam, portabul ɗina ya mutu."

Ta karanto mini lambar daga katin awonta. Madam Fa'iza ta ɗauka, ana jin kukan wata mai naƙuda a bayanta. Ban gama lissafa mata ba ta katse ni.

"Ku kawo ta yanzu. Ba anjima ba, yanzu."

Na ce ƙofar a kulle take.

"To ku buɗe," ta ce, aka kira ta ta kashe.

Na kira Hajiya. Guɗa da kiɗa sun cika wayar. Ta ce wace mai cikin wata takwas ce ƙafarta ba ta kumbura, ai ragowar gudun nan ne ke sauka, ta sha jiƙonta ta kwanta, da an ci abinci za ta taho. Na ce ungozoma ta ce yanzu. Ta ce ungozomar da ta sa ta gudu? Kafin ta kashe ta ƙara da cewa kada wanda ya taɓa mata ƙofa. Na kira Sulaiman sau biyar, wata mata tana ce mini da Faransanci ba a samunsa.

Maigidana Bawa yana saka riga zai tafi masallaci. Na faɗa masa. Ya leƙa ya dubi kwaɗon, ya ce ba zai fasa ƙofar gwauruwa ba alhali mai gida ba ya nan, ita kuma ta hana da bakinta, gobe in an nemi ko cokali an rasa mu za a kalla. Ya ce tunda ta ce tana tafe a jira ta, zai sa a yi addu'a. Na ce ko tsani. Nafisa ta yunƙura ta hau bokitin nan na jiya, jiri ya maida ta ƙasa, mu duka muka san maganar tsani ta mutu.

Sai na zauna. Wannan shi ne abin da na yi, ba zan yi masa ado ba. Na jawo kujera gindin katanga, ita a can ni a nan, bulo ɗaya tsakaninmu. Tabaryata tana jingine a gefena. Na dube ta, na dubi ƙofa, na tuna shekara ashirin da biyu ban taɓa shiga gidan Hajiya ba sallama ba, na ce bari in ƙara minti goma. Har mutum biyu suka zo sayen kopto na tashi na zuba musu.

Ta ce in yi ta yi mata magana don kada barci ya ɗauke ta. Amma sai ita ta kama maganar. Ta ba ni labarin bakin kogi da sassafe, yadda iska ke tasowa daga ruwa, masu lambu suna ɗibar ruwa da bido, jarkokin nan, ita kuma ba ta jin komai sai numfashinta. Ta ce jaririn yana yin lamo in tana gudu, sai ta tsaya yake shuri. Hausar ta fara kuɓuce mata tana komawa Zabarmanci. Na sake kiran Hajiya, ta ce ga ta nan tana neman taksi, gada ta cushe.

An sauko daga Juma'a, biyu ta wuce, na ce Nafi, ba ta amsa ba. Sai na ji bokiti ya kife yana gangarawa. Na hau turmi. Tana kwance a gefe jikinta yana jijjiga, haƙora sun datse, kumfa da jini a baki, dugaduganta suna dukan ƙasa.

Ban san lokacin da na ɗauki tabaryar ba. Na fita waje ba ɗankwali na ɗaga na sauke wa kwaɗon. Bugu uku. A na ukun ya faɗo cikin rairayi, ɗan ƙaramin abu, irin na kasuwar Wadata mai arha. Awa uku na zauna ina gadinsa.

Masu dawowa daga masallaci suka taimaka muka sa ta a taksi, kanta a cinyata. Ta sake jijjiga a hanya. A matarniti, asibitin haihuwa, suka karɓe ta da gudu, suka rufe ƙofa, na zauna a benci da jininta a zanena. Hajiya ta iso da ledar naman suna a hannu, ta zauna can ƙarshen bencin, ba wadda ta dubi wata. Kafin la'asar ta wuce aka yi aiki aka ciro ɗiya mace, ƴar mitsitsiya, da rai. Uwar ba ta farka ba. Da safiyar Asabar, daidai lokacin da ƴan gudu ke taruwa a stad, ta cika.

Madam Fa'iza ce ta fito ta faɗa mana. Ta tsaya a gabana, idanunta jawur.

"Ke ce kika kira ni jiya?"

Na ce ni ce.

"Ƙarfe nawa ne?"

"Sha ɗaya."

Ta dubi agogon hannunta kamar zai ba ta wata amsa, ta juya ta koma ciki.

A zaman makoki ni ke raba ruwa. Duk matar da ta tambayi abin da ya faru, Hajiya ta ce gudu ne, tun farko an hana ta ba ta ji ba, gudun ya tara mata ruwa a jiki. Tana faɗa tana kuka, kukan gaskiya, na kuma san in ta daina faɗar haka ba za ta iya tashi daga tabarmar ba. Matan suna girgiza kai suna cewa yaran yanzu. Na buɗe baki in faɗi gaskiya ya fi sau goma, sai in tuna wa ya fara kai gulmar, wa ya riƙe ledar, wa ya zauna da tabarya a gefe. In miƙa kofi in wuce. Sulaiman ya iso an riga an binne ta, ya zo har gida ya yi mini godiya wai na fasa ƙofa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ɗiyar ta rayu, sun sa mata Anisa. Ina jin kukanta ta katanga. Ba wanda ya sake maganar kwaɗo, ƙofar ma yanzu a buɗe take wuni, tunda ba wanda za a kulle.

Bayan sadakar bakwai Hajiya ta kira ni, ta miƙo leda ta inda ta miƙo ta farko, ta ce in ba duk wanda na ga dama, ba ta son ganin su. Ban ba kowa ba. Jiya da safe bayan na ɗora tukunya na buɗe ledar. Na daman yana nan a ɗaure yadda ta cire shi ranar gudunta na ƙarshe, da jan rairayi a ƙasansa. Na hagun bakinsa a wangale, bayansa a take, igiyar a dunƙule cikinsa. Na miƙar da bayan da yatsa, ya sake kwantawa. Na zauna kan turmin na fara zura igiyar daga ramin ƙasa, ruwan zogale yana tafasa, can bakin kwalta wasu ƴan gudu suna wucewa.