Baitin Ƙarshe na Waƙar Yaya

…ga kujerar ma sanyi, ƙarfe tsirara, ga fanka a saitin kai kamar da gayya. Iya Ƙarama tana zaune a layin gaba na zauren cibiyar al'adu, an rataya mata kati a wuya kamar akuyar sayarwa. Babbar baƙuwa wai. Ita? Ita da ta ƙare ƙuruciyarta a tsaye bayan yayarta tana amshi?

Malamin tarihi ya gama nasa. Ya ce waƙar Yaya ce ta adana labarin waɗanda suka fara zama a unguwar, masu rijiya, masu ginin masallaci. Liman ma ya tofa, ya ce ai ƙarshenta addu'a ce ga mamata, kowa da sunansa. Sai dai kaset ɗaya ya rage, shi ma ya cinye kansa kafin baitin ƙarshe. Shi ya sa suka aika mata mota har gida. “Iya, ke kaɗai kika rage, ke za ki cika mana.” Ta ce to. Don me ta ce to? Wannan baki nata, kullum shi ke riga hankalinta fita…

Sun kunna kaset ɗin.

Wayyo, Yaya. Har da ɗan tarin nan naki kafin ki fara. Sun wanke muryar da na'ura, sun cire kukan kaji da ƙarar keken ɗinkin maƙwabta, amma sun bar tarin — Allah ya yi musu albarka, tarin ne ke.

Baitin farko tana biye. Na biyu ma, da ɗingishi. Leɓenta na motsi, sai dai ba kalmomin Yaya yake yi ba, nata yake jira. Ga ta yarinya a tsakar gida, kunne na zafi, Yaya ta murɗe shi — “Ke dolo! Wa ya ce ki saurari magana? Numfashina za ki saurara. Da na ja iska, ki faɗo.” Haka ta yi kuwa. Jijiyar wuya take kallo, da kafaɗa idan ta ɗaga. Aikin ɗan amshi ke nan, kada ya bar rami. Ba ta taɓa barin rami ba, ko sau ɗaya, a tambayi kowa… wa za a tambaya? Duk suna ƙasa.

Baitin ƙarshe… da me yake farawa? Da “Ya Rabbi”? Ko da sunan mai rijiya? Akwai sunan Inna mahaifiyarsu a ciki, wannan ta tabbata, don a nan muryar Yaya take rawa, mata su ja mayafi su rufe fuska. Tana gani. Tana ganin hawayen, tana ganin gumin da ke bin bayan kunnen Yaya. Maganar fa? Ina maganar ta shiga?

Da ɗanki ya dawo daga karatu ya ce waƙa ba ta kamace ki ba, Yaya, ko musu ba ki yi ba. Kika ɗauki carbi, kika rufe baki. Yau ga shi can a layi na biyu, gemu ya yi fari, yana ɗaukar muryarki a waya. Da ranki abin kunya ce, da kika mutu kin zama tarihi. To wa ya yi daidai? In zunubi ne, me liman yake yi a nan? In lada ne, wa zai biya ki shirun da kika yi?

A gadon asibiti leɓenki na motsi. Ƙanwarki ta ɗauka salati ne, ta gyara miki bargo, ta fita neman ruwan zafi. Ko baitin kike miƙo mata? Ko salatin ne dai? Kai…

Kaset ya fara shaƙewa. Muryar ta ja, ta lanƙwashe, ta yanke — ƙit.

Mai gabatarwa ya durƙusa a gabanta da makirufo, ƙamshin turarensa har maƙogwaro.

“Bismillah, Iya. A hankali, muna jira.”

Wayoyi sun tashi sama. Fankar na ta juyawa. Ta ƙirƙiro wani abu mana, wa zai gane? Ta jera sunaye, ta sa amin… a yi wa matattu ƙarya a gaban liman? A sa wa Yaya maganar da ba tata ba? Har a kabari sai ta murɗe mata kunne.

Ta buɗe baki. Amshin na nan, cikakke, a kan harshe, ɗumi gare shi kamar yanzu aka sauke. Ta ɗan karkata kai hagu, inda kafaɗar Yaya take tsayawa. Tana jira.

“Iya?”

Ku yi shiru mana. Yaya ba ta ja numfashin ba tukuna…