Ranar Fasa Kankare

Na fito daga ɗaki na tarar da tsohuwata, wato matata, tsaye a kan rabin duron da ke ƙofar Injiniya, moɗa a hannunta, shi kuma ya dafa bango yana haki, yana ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifin. Kwana da kwanaki famfon gidanmu bai kawo ko ɗigo ba, ga ruwa cike da duro a gabanta, wai ba za a taɓa ba.

"Baba, ka sa baki," ya ce da ni. "In kansu ya leƙo waje, aikina ya lalace."

"Mutane na neman na wanke ido, shi yana yi wa duwatsu wanka," in ji tsohuwata. Ta ajiye moɗar ta shige tana mita.

Duwatsun da take faɗa wasu curin kankare ne masu kusurwa huɗu, kowanne bai wuce ka ɗauka da hannu biyu ba, jere a gindin duron. Da ta tafi, sai na ga ya jawo jarkar ruwan shansa ya tuttula sauran a kansu. Na dubi ƙafafunsa. Sun kumbura har silifa ta yi masa shaida a fata.

Gidan haya ne, ɗakinsa na kallon namu. Mutum ne da ya haura arba'in, ba mata, ba ɗa, sai wata yayarsa a gari mai nisa. Ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin gine-gine, rana ɗaya ya ajiye ya koma jami'a neman digiri na biyu, kuma ba ɗaya ba, biyu ya haɗa a lokaci guda: na zanen gini da na injiniyan gini. Ni da na yi rayuwata a kan sitiyarin babbar mota, boko bai wuce min karanta allon hanya ba, na tambaye shi bambancin. Ya ce mai zane shi ke faɗin yadda gini zai kasance da yadda mutane za su ji daɗin zama a ciki, injiniya kuma shi ke faɗin ko zai tsaya ko zai rufto musu a ka. Na ce ashe kai ne direba kai ne makanike, in mota ta mutu ba wanda za ka zaga. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Rumfar tashar mota yake zanawa, mai faɗi, wadda ba ginshiƙi a tsakiyarta. Wannan kam ya burge ni, don na san yawan ginshiƙan da na goge da bayan mota a rayuwata. Sai dai malamai biyu ke duba aikin, kuma ko gaisawa ba sa yi. Na sashen zane yana son rufin siriri kamar fiffike. Na sashen injiniya ya ce wannan mafarki ne, a kafa ginshiƙai kowa ya huta. Shi ne Injiniya ya ƙirƙiro wani kwaɓin kankare marar nauyi, da tokar ƙaiƙayi a ciki, ya ce in ya yi ƙarfin da ake so, rufin zai tsaya kuma malaman biyu za su sa hannu. Hanyar sanin ƙarfin ɗaya ce: a zuba kwaɓin a curi-curi, a nutsa su cikin ruwa kwana ashirin da takwas, ranar da suka cika a kai su inji ya matse har su fashe.

Wannan ne karo na biyu. Na farko a tankin ɗakin gwajin jami'ar ya bar su, aka tafi hutu, tankin ya tsiyaye, ba wanda ya leƙa. Ya dawo ya tarar da su a bushe. Wa'adin karatunsa kuma ya zo ƙarshe, an riga an yi masa ƙari, ba za a sake ba. Shi ya sa ya kwaso na biyun ya kawo ƙofar ɗakinsa, yana gadinsu kamar mai jego.

Ya taɓa ce min a sashen zane Injiniya suke kiransa, a sashen injiniya kuma Mai Zane. Yana murmushi ya faɗa, amma ni na gane. Ko'ina baƙo ne.

Irin kumburin nan na ƙafafunsa na san shi. Na gan shi a ƙafar abokan tafiyata biyu, kuma ba wanda ya daɗe a cikinsu. Da na matsa masa, ya amsa cewa likita ya ce zuciya ce, kuma tun makon jiya ya so ya kwantar da shi. Ya ce bari a fasa kankaren tukuna. Na ce saura yaushe? Ya ce kusan mako uku. Na ce zuciyar ta yi maka alkawarin jira?

Ya juya ya koma duba duronsa. Washegari na ga ya ɗauki jarka zai je unguwar gaba neman ruwa, bai kai bakin ƙofa ba ya zauna a ƙasa, leɓensa ya yi toka-toka.

Na yi ciniki da mutane iri-iri a hanya, na san lallashi ba ya aiki a kan mai taurin kai, sai ka sa masa abu biyu a gaba ya zaɓa. Na zauna kusa da shi na ce ko dai ya bar min duron ya tafi asibiti yau, ko in kira yayarsa ta zo ta kwashe shi da kayansa, duwatsun kuma tsohuwata ta samu na girki.

"Baba, ba raini ba ne," ya ce. "Wancan karon ma mutane na bar wa."

"Mutane ka bar wa, ba mutum ba. Ni kaɗai za ka tuhuma."

Ya dubi duron. Sannan ya sa na kawo ƙusa, ya karce layi a jikin ƙarfen daga ciki, ya ce kada ruwa ya sauka ƙasa da nan. Kada rana ta doke shi, a rufe da katako. Kada a zuba na wanki. Ya sa na maimaita masa, tsofai-tsofai da ni, kamar ranar da na fara koyon tuƙi. Da la'asar na kai shi asibiti.

Kullum da hantsi nake zuwa da shayi a filas. Kafin in gama sallama zai tambaye ni layin. Wata rana ma sai da ya tambaya ko na tsoma hannu, ruwan da sanyi? Gadon da ke kusa da nasa na wani tsohon tela ne, 'ya'ya da jikoki suna ta shige da fice, har kujera ba ta isa. Shi kuwa ni ne, sai tsohuwata in ta samu sarari. Daga jami'a ban ga kowa ba. Na tambaye shi ko ya sanar da malamansa, ya ce ya aika wa ɗaya saƙo, zai faɗa wa ɗayan. Yayar ma sai da na yi da gaske ya yarda na kira ta, ya kuma ce mata zazzaɓi ne, kada ta wahalar da kanta.

Kumburin ya ɗan sauka, har na fara sa rai. Daga baya ya dawo, ya hau har ciki. Ya koma ba ya iya kwanciya, sai a jingine. A haka ya yi min bayanin yadda za a kai su in bai samu fita ba: a naɗe kowanne a jiƙaƙƙen buhu, kada su ƙwanƙwasi juna a hanya, kada a kai kafin ranar, kada a wuce ta. Na ce ya daina wannan zance, da ƙafarsa zai je.

"To, in na je shi ke nan. In kai ka je, ka zo ka faɗa min abin da injin ya nuna. In bai kai ba ma ka faɗa min. Kada ka yi min dabarar direbobi."

Na ce yaushe direba ya taɓa ƙarya? Ya rufe ido yana murmushi.

Saura kwana biyu a fasa kankaren, na shiga da filas ɗina na tarar an cire zanen gadon, an naɗe katifar gefe. Tsohon telan ne ya fara yi min ta'aziyya kafin nas ta iso. Ya ce da sassafe ne, kuma bai wahala ba, ruwa kawai ya nema aka ba shi.

Yayar ta iso da rana. Muka kai shi makwancinsa, mu 'yan gidan haya da wasu maƙwabta, ba mu da yawa. Da ta zo kwashe ɗakin, ta yi ta jujjuya manyan takardun zanen ba ta san sama da ƙasansu ba. Ta ce tun yana yaro haka yake, komai sai ya riƙe biyu. Ta fito ta ga duron, ta tambaya ko a zubar.

"Kada a taɓa," in ji tsohuwata. Sai a lokacin na san ashe ranakun da nake asibiti ita ke zuwa unguwar gaba da bokiti tana cika shi.

Ranar da duwatsun suka cika kwanakinsu na ari 'yar motar kaya a wurin wani tsohon yarona, na naɗe su kamar yadda ya ce. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, har masu babur suna zagina. A jami'a na sha tambaya kafin in sami ɗakin gwajin. Mai kula da injin ya gane curin tun daga alamar da ke jikinsu, ya ce ina Mai Zanen? Na faɗa masa. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce ba zai iya fasawa ba sai malami ya tsaya a kai.

Na hau bene na sami malamin injiniya, na sanar da shi rasuwar. Ya yi salati, ya ce ai shi ya ɗauka yana can sashen zane suna gyaran rufi, shi ya sa bai neme shi ba. Na tsallaka ɗaya ginin na sami malamin zane. Shi kuma ya ce ya ga saƙo cewa ba shi da lafiya, amma ya zaci mutanen injiniya na tare da shi, tun da wajensu ya fi zama. Na ce wa kowannensu dai kaya na ƙasa, kuma yau ce ranar.

Suka sauko, kowa ya tsaya a gefe guda na injin. Mai kula ya goge curi na farko, ya auna, ya sa shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ya kunna. Akwai wani abu kamar agogo a jiki, hannunsa na hawa a hankali. Ni ban san lambar da ake nema ba, fuskar malamin injiniya nake karantawa. Kankaren ya fara ƙara, ya tsage, gefensa ya zube. Aka sa na biyu, aka sa na uku, har suka ƙare. Malamin ya karɓi biro ya yi lissafi a tsaye, ya sake yi.

"Ya kai," ya ce. "Da ɗan rara ma."

Malamin zane ya zare tabarau yana gogewa da bakin riga. Na injiniyan ya ci gaba, kamar bakinsa ne ya saba, ya ce sai dai a ce wa mai aikin ya sake kwaɓa wani a tabbatar. Bai ƙarasa ba ya tuna, ya ajiye biron.

Na tambaye su yanzu aikin fa, wa zai ƙarasa? Suka dubi juna, ina jin karo na farko ke nan. Ɗaya ya ce za a zauna a duba. Ɗayan ya ce lallai za a duba. Na san wannan amsa, na sha jin ta a ofisoshi da yawa. Na yi musu godiya. Mai kula da injin ya ɗauko tsintsiya da shebur ya soma tara ɓaraguzan, cikinsu da sauran danshi.

Na fito na tada mota. Sai da na yi nisa na lura hanyar asibiti na ɗauka. Na gangara gefen titi na kashe, na sauko na zagaya baya kamar mai duba taya. Buhunan na can a dunƙule a kusurwa. A kan ƙarfen bayan motar, inda curin suka zauna, shaidar jiƙa ce jere, kusurwa huɗu-huɗu. Rana ta riga ta cinye gefensu. Na jingina da ƙofar ina kallo har ta ƙarshe ta bushe.