Maraƙin da Ke Cikin Gitar Dikko

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kokawar kaka a Gazawa ya san kiɗan nan na Dikko da ake ce wa kiran maraƙi. Dikko Bafulatani ne, a ruga aka haife shi, kuma daga molon kakansa ya ɗauko kiɗan ya mayar da shi kan gita mai lantarki. Babban yatsa shi ne saniya, yana kuka a kan tsirkiya mai kauri. Manuni kuma shi ne maraƙi, yana amsawa siriri daga can ƙasa. Uwa ta kira, ɗa ya amsa, har su haɗu, kuma da sun haɗu sai fili ya kaure da guɗa, 'yan kokawa su fara tsuma.

To, a bazarar bara igiyar rijiya ta naɗe wa Dikko hannun dama, bijimin da ke jan guga kuwa ya ci gaba da tafiyarsa, don shi ba ruwansa da gita. Hannu ya warke, an gode Allah, amma manuni ya dawo ba ƙarfi. Babban yatsa ya sauka kamar taɓarya, manuni ya taɓa tsirkiya kamar mai jin kunyar surukai. In an ƙara murya don a ji maraƙi, saniya ta nemi fasa lasifika. In an rage, maraƙi ya ɓace ɗungurungum.

Bashir, shugaban makaɗan, mutum ne mai kirki amma ba ya ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Dikko, ni ba ni korar ka. Amma kokawar bana in maraƙin nan bai amsa ba, sai dai ka riƙe muna caki, in ba wani gitar." Maganar ta yi wa Dikko zafi ƙwarai. Ba don suna ba, sai don shi kaɗai ya rage da kiɗan kakansa a hannu, kuma yana kallo kiɗan yana mutuwa a yatsa guda.

Ya kai kukansa wurin Iro, mai gyaran rediyo a bakin tasha. Iro jikan maƙera ne, saboda haka tsakaninsa da kowane Bafulatani sai tsiya.

"Kai Bahillace, sa ya cinye maka yatsa, ka zo wurin ubangidanka?" in ji Iro. Amma da ya saurari bugun sai ya bar wasa. Ya ce akwai wani ɗan akwati da masu gita ke takawa da ƙafa, kwampiresa ake ce masa, aikinsa ya danne sauti mai ƙarfi ya ɗaga mai rauni. A nan ba a sayar da shi, amma wai shi Iro zai haɗa, don babu abin da ya gagari dalma.

Latifa, ɗiyar ƙanwar Iro mai gyaran fitilun sola a shagon da ke gefe, ta leƙo ta ce, "Kawu, ni ma zan haɗa nawa, sai a gwada." Iro ya yi dariya har da buga cinya. Ita kuwa ta koma ta jawo wayarta tana duba zane-zanen masu irin wannan aiki.

Kowa ya bi hanyarsa. Iro ya farke wata tsohuwar rakoda, ya ciro ɓangaren da ke hana murya fashewa in ana ɗaukar kaset, ya zuba shi cikin gwangwanin kifi ya liƙe da dalma. Latifa kuma ta ciro idon irin fitilar nan da ke kunna kanta in duhu ya yi, ta ajiye masa 'yar ƙwayar fitila a gabansa. In an bugi tsirkiya da ƙarfi, ƙwayar ta haska, idon ya gani ya rage murya. In bugu ya zo a hankali, ƙwayar ba ta haskawa, sai idon ya bar sautin ya wuce da ƙarfinsa. Ta saka su duka cikin wata farar robar sabulu.

A shagon Iro aka yi gwaji, wani ɗaki mai duhu da ko da tsakar rana sai ka laluba. Dikko ya fara taka gwangwani. Lalle maraƙi ya fito, amma saniya ta koma kamar mai mura, kuma tsakanin bugu da bugu akwatin na huci yana shuu kamar an zuba ƙosai a mai. Sannan ya taka robar sabulu. Ya buga babban yatsa, saniya ta yi kuka da muryarta ta da. Ya taɓa manuni, sai ga maraƙi tangaran. Dikko ya tsaya cak, ya kasa ci gaba, don idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ba laihi," in ji Iro yana sosa ƙeya. "Ai jinina ce."

Ranar kokawa da hantsi makaɗa suka je fili don gwada kaya. Rana ta fito sosai, ko ɗigon girgije babu. Dikko ya jona robar Latifa yana taƙama, ya buga, sai aka ji wani ɗan sauti kamar kukan sauro. Latifa ta canja batir, ta murɗa nan ta murɗa can, a banza. Bashir ya dubi inda caki ke rataye, kuma Dikko ya ga wannan kallon.

Iro ya miƙo gwangwaninsa ba tare da gori ba. Dikko ya gwada, ya girgiza kai. "Iro, wannan ya daidaita su har ban san uwa ba, ban san ɗa ba. Gara in riƙe caki da in yi wa kakana ƙarya."

Ya mayar da wayar gita jikin robar sabulu, ya sake bugawa ko Allah zai sa a dace, ya sunkuya yana duba ta, tsirkiya na kan rawa. Malafarsa ta zame daga kansa ta kife a kan robar. Nan take lasifika ta yi wata irin ƙara har mai kalangu ya zabura. Dikko ya ɗaga malafa, sauti ya mutu. Ya mayar, sauti ya tashi. Makiyayi dai ya san dabbar da ke son inuwa in ya gan ta.

"Latifa, abin naki rana ne ba ya so," ya ce.

Latifa ta dafe kai. "Wayyo ni! Idon nan rana yake gani ta cikin roba, shi ya sa yake ta danne murya. A ɗakin Kawu duhu ya rufa mini asiri."

Sanin ciwo daban, magani kuma daban. Malafa ba za ta zauna ba, tunda da ƙafa ake taka abin. In aka rufe idon da gam ɗin leda kuwa, in ji Iro, kafin la'asar zafi ya narkar da shi. Dikko na tsaye yana shafa damtsensa, sai hannunsa ya faɗa kan layar da innarsa ta ɗaura masa tun yana bin shanu. Layar nan ta sha damina, ta sha ƙetare gulbi, ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinta ba. Ɗinkin da ya hana ruwa ai haske ma bai isa ba.

Su uku suka hau babur guda sai rumfar Labo baduku a kasuwa. Latifa ta ciro idon da ƙwayar fitilar ta haɗa su fuska da fuska, ta ce a ɗinke su tare, wayoyi kawai za su leƙo. Labo ya juya abin a tafin hannunsa.

"Wane malami ya ba da wanga?"

"Malama dai," in ji Iro, yana nuna Latifa da haɓa.

Labo ya yanko baƙar fatar akuya, ya ninka ta biyu, ya bi ta da ɗinki ƙanana matsattsu, ya shafe bakin da danƙo. Yana cikin aikin sai Iro ya ɗauko gwangwaninsa, wanda ya yi kwana da kwanaki yana yi wa hidima, ya sa wuƙa ya ɓalle murfin ya zazzage kayan cikin a aljihu. Ya ce, "Roba ba ta jure takun Bahillace. Hanjin naki, gidan nawa." Latifa ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Kawu."

Bayan la'asar fili ya cika maƙil. Mutanen Gazawa da na ƙauyuka sun zo a kan amalanke da babura, Fulani sun yi layi a gefe guda sun jingina da sanduna. Rana na dukan gwangwanin kifi kai tsaye har yana ƙyalli. Labari kuwa ya riga ya zaga cewa gitar Dikko ta yi laya, wasu na ta leƙe.

Bashir ya ɗaga hannu, ganguna suka lafa. Dikko ya yi bisimilla ya taka gwangwani. Babban yatsa ya sauka, saniya ta yi kuka mai tsawo da ya ratsa fili har bayan rumfunan masu tsire. Aka yi tsit, domin kowa ya san labarin igiyar rijiya. Dikko ya dubi manuninsa, wannan yatsa da ya kusa yafewa, ya ɗora shi a kan tsirkiya a hankali, iyakar ƙarfin da Allah ya bar masa.

Maraƙi ya amsa, siriri, garau, har can ƙarshen fili.

Wata tsohuwa cikin Fulani ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Wani ƙaton ɗan kokawa ya diro tsakiyar fili yana tsuma tun ba a kira shi ba. Iro ya manta da girmansa yana ta tsalle yana cewa gwangwaninsa ne, Latifa na dariya tana share ido da gefen mayafi. Bashir ya ciro cakin nan ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya duba ko wane ne ba.

Dikko bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya rufe ido, farin ciki ya cika masa ƙirji, yana ta kira da babban yatsa, manuni na amsa masa. Inda kakansa ke haɗa uwa da ɗa ya ƙare kiɗan, shi sai ya ƙi haɗa su da wuri. Ya sake kira, ya kuma sakewa, don kawai ya ji maraƙin nan ya amsa.