Yoyo Ba Ruwan Sama

Likita ya hana Baba hawa tsani saboda gwiwarsa, shi ya sa rufin kantin Hajiya mai yadi ya dawo hannuna. Rufin siminti ne shimfiɗaɗɗe, an lulluɓe shi da tabarmar kwalta, ga wata ƙatuwar esi mai sanyaya kantin a tsakiya tana gurnani. Baba ya daɗe yana kula da shi. Ni burina ɗaya: kada ya sake taka tsanin nan.

Ranar da na fara hawa ni kaɗai, abin da ya ce mini ke nan: "Duk ramin da ka gani, toshe shi." Na dafa kwalta, na bi rufin lungu-lungu. Ko allura ba za ta samu wurin shiga ba.

Bayan 'yan kwanaki Hajiya ta kira. Silin yana ɗiga a kan bandiran yadi.

Na ɗaga kai na dubi sama. Ko gajimare babu.

"Hajiya, ai ba a yi ruwa ba."

"To yawuna ne yake zuba? Zo ka gani, ɗan nan."

Na je. Ga bokiti, ga ɗigo, ɗis, ɗis. Na hau rufin. A bushe yake ƙayau, har yana ƙona tafin ƙafa. Kashegari Baba ya biyo ni a kan babur ɗin maƙwabci, ya zauna a benci ƙasa yana ba ni umarni ta waya. Na yi yadda yake yi: na kewaye wuri da yashi, na zuba ruwa, na jira. Da safe ne, ba ɗigo. Na matsa gaba, na sake zubawa. Shiru. Ruwana ya ƙafe, rana ta take, sai Hajiya ta ƙwala kira daga ƙasa wai ɗigon ya dawo.

In na jiƙa rufi, silin ya bushe. In rufi ya bushe, silin ya jiƙe. Na zauna a inuwar esi na riƙe kai. Na ƙara kwalta a inda na riga na sa, don ban san me zan yi ba kuma.

Washegari Hajiya ta kira mai gyaran esi, wani siriri da ake ce wa Mai Sanyi. Ya hau yana fito.

"Kai ne sabon sarkin kwalta?"

Na nuna masa injin.

Ya kwance murfin injin. Ruwa ya cika farantin da ke ciki, yana malala ta ramin da iska ke bi zuwa kanti. Ya bi wani siririn bututu da hannu har bakin katanga, ya tsaya, ya dube ni.

"Wa ya yi wa wannan hula?"

Dunƙulen kwalta ne a bakin bututun. Aikina ne, har da shatin babban yatsana.

"Rami ne," na ce.

"Rami ne mana. Ta nan esi take fitsari, malam. Ka ɗaure mata mara, ina kake so ta yi?"

Ya sa sukundireba ya ɓanɓare. Ruwa ya tsarto ya jiƙa mini wando. Da safe esi a kashe take, sai zafi ya yi Hajiya ke kunnawa. Ya yi mini wannan bayanin har sau biyu, ni dai ina kallon bututun.

A ƙasa na tarar da Baba a benci, na ce, "Baba, kai ka ce duk rami."

"Duk ramin rufi na ce."

"Ai a rufin yake."

Baba ya shafa gwiwa.

Hajiya ta fito da yadin da ɗigon ya yi wa taswira, ta shimfiɗa mana a benci. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi Baba.

"Malam, ba zan canza ku ba, mun daɗe tare. Amma yaron nan ba zai sake hawa shi kaɗai ba. In za a taɓa rufina, idonka ya kasance a wurin."

"Hajiya, ƙafarsa..." na fara.

"To in nemo wasu?"

Baba ya miƙe da kyar. Ya ce akwai sauran kwaltar da na lafta jiya, gara ya ga abin da na rufe da ita. Ya kama tsani, ya ɗora ƙafar mai lafiya, ya tsaya yana jan numfashi.

"Riƙe mini da kyau," ya ce.

Na riƙe.